Shaidar Tsinken Auduga: Tarihin Tabbatar da Tsafta a Masana'antar Magani

Gabatarwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Shekaru aru-aru ɗan Adam ya rayu a kan wannan karin magana a sha'anin tsafta: idan aka wanke ƙwarya, aka duba ba a ga komai ba, aka sunsuna ba a ji komai ba, to ta wanku. A madafa wannan hukunci ya wadatar. Amma a masana'antar magani, inda inji guda yake buga maganin hawan jini a farkon mako, ya buga na zazzaɓin yara a ƙarshensa, ragowar da ido ya kasa gani tana iya isa ta cutar da mai sha. Shi ya sa a yau, kafin a amince da kowane tsarin wanki, ma'aikaci sanye da safar hannu yakan ɗauko ɗan tsinke mai kan auduga ko na zaren roba, ya jiƙa shi, ya goga a wani ƙayyadadden gurbi na jikin ƙarfen, ya aika da shi ɗakin gwaje-gwaje. Abin da tsinken ya ɗauko shi zai yanke hukunci a kan ko injin ya cancanci karɓar wani maganin.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda abu mai araha irin wannan ya zama shaidar da hukumomi da kotuna suke dogaro da ita. Tarihi ne da ya faro daga asibiti, ya ratsa ta gidajen abinci, ya ƙare a masana'anta, kuma akasarin matakansa sai da aka yi asarar rayuka ko aka janye magani daga kasuwa kafin a taka su.

Dattin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1847, wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis yana aiki a babban asibitin birnin Biyana. Asibitin yana da sassan haihuwa biyu, ɗaya na ɗaliban likita, ɗaya na ɗaliban ungozoma, kuma mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a sashen likitocin, nesa ba kusa ba. Semmelweis ya lura cewa ɗaliban likita sukan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. Sukan wanke hannu da sabulu, hannun ya fita fes a ido, amma warin gawa yana nan. Wannan warin ne ya zama ma'auninsa. Sai ya wajabta wanke hannu da ruwan sinadarin kilorin, wanda ke kawar da warin. A watan Afrilu na shekarar, mace-macen sun kai kimanin kashi 18 cikin 100. Zuwa watan Yuli sun sauko ƙasa da kashi 2. Manyan likitocin zamaninsa da dama ba su karɓi bayaninsa ba, ya kuwa rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali.

Abin da ya rasa shi ne hanyar da zai nuna wa mutane dattin ƙuru-ƙuru. Ayyukan Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su suka cike wannan giɓi, domin sun tabbatar da cewa ƙwayoyin halitta ƙanana ne ke haddasa ruɓa da cututtuka da yawa. A 1867 Joseph Lister ya wallafa yadda yake tsarkake rauni da kayan tiyata da sinadarin kabolik. A 1887 kuma Julius Petri, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Koch, ya fito da ɗan faranti mai murfi wanda ake rainon ƙwayoyin cuta a cikinsa. Daga nan ƙwaya guda da ba a gani tana iya hayayyafa cikin kwana ɗaya ko biyu ta zama ɗigon da ake ƙirgawa da ido. Saura tambaya ɗaya: ta yaya za a ɗauko ƙwayar daga jikin tebur ko cokali a kai ta cikin farantin?

Amsar da ta fi karɓuwa ta fito ne daga bincike a kan wanke-wanke. A 1917, masu bincike biyu a Amurka, Manheimer da Ybanez, suka bayyana hanyar goga jiƙaƙƙen tsinken auduga a jikin kwanukan cin abinci, a kaɗa shi cikin tsarkakakken ruwa, sannan a shuka ruwan a faranti a ƙirga abin da ya tsiro. Jami'an duba-gari suka rungumi hanyar, ta bazu zuwa masana'antun madara da na abinci da asibitoci. A 1964 Hall da Hartnett suka ƙara wata dabara, wato faranti mai tudun abincin ƙwayoyi da ake dannawa kai tsaye a kan abin da ake son gwadawa. Farantin ya dace da shimfiɗaɗɗen wuri, amma lungu da saƙo da mahaɗar ƙarfe suka ci gaba da zama aikin tsinke.

A daidai wannan lokaci wani fanni daban ya ɗaga darajar tsafta. A farkon shekarun 1960 Willis Whitfield na cibiyar binciken Sandia a Amurka ya ƙirƙiro ɗakin da tatacciyar iska ke ratsawa ta fuska ɗaya tana share ƙura, kuma a 1963 gwamnatin ƙasar ta fitar da ma'aunin farko na irin waɗannan ɗakuna. Lokacin da hukumar NASA ta shirya kumbunan Viking guda biyu da aka harba zuwa duniyar Mas a 1975, da tsinke aka riƙa goge jikinsu ana ƙirga ƙwayoyin da suka rage, kafin a gasa su a tanda, don kada a kai wa wata duniya ƙwayoyin tamu.

Inji Ɗaya, Magani Biyu

Duk abin da ya gabata magana ce ta ƙwayoyin cuta masu rai. Masana'antar magani tana da wani abokin gaba na biyu wanda ba ya tsira a faranti, wato ragowar maganin jiya a cikin na yau. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin salfanilamaid a cikin sinadarin dayetilin gilaikol, mai lalata ƙoda, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Wannan ya haifar da dokar abinci da magunguna ta 1938. Ba a jima ba, a ƙarshen 1940, kamfanin Winthrop na New York ya fitar da ƙwayoyin salfatayazol da suka gauraya da fenobabital, maganin da ke sa barci mai nauyi. Bincike ya nuna cewa injinan buga magungunan biyu suna ɗaki ɗaya, kusa da juna, ana kuma musanya su. Mutum kusan 300 ne suka mutu ko suka jikkata. Gaurayar ta yi yawan da ya wuce batun 'yar ragowa, amma ta koya wa hukuma cewa duk injin da magunguna biyu suke tarayya a kansa ƙofa ce a buɗe.

Bayan bala'in talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasa a Turai da wasu sassan duniya, majalisar Amurka ta yi wa dokar gyara a 1962, kuma a 1963 aka fitar da ƙa'idojin farko na kyakkyawan tsarin sarrafa magani. Abin da suka ce game da tsafta gajere ne: a kula da kayan aiki cikin tsafta da tsari. Babbar damuwar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wadda ake taƙaitawa da FDA, a wancan zamani ita ce fenisilin, domin akwai mutanen da ɗan mitsitsinsa ya isa ya sarƙe musu numfashi. An janye magunguna da dama saboda gaurayarsa, har aka wajabta ware masa wurin sarrafawa na kansa. Gyaran 1978 ya ƙara da cewa dole a rubuta tsarin wanki, a bi shi, a adana bayanansa. Sai dai har a lokacin, rubutaccen tsari da sa hannun mai duba sun kusan wadatarwa. Ba kowa ake tambaya hujjar cewa tsarin da aka rubuta yana fitar da dattin ba.

Gangunan 1988 da Shekarar 1993

Abin da ya sauya wannan hali ya faru a 1988, lokacin da aka janye maganin kolestiramin, mai rage kitsen jini. An samu ɓurɓushin sinadaran haɗa maganin ƙwari na gona a cikinsa. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa masana'antar da ke samar da ainihin sinadarin tana sake amfani da ruwan narkarwa da ta tace, kuma gangunan da aka taɓa adana ruwan narkarwar maganin ƙwari a cikinsu su ne daga baya aka zuba na maganin mutane. Babu cikakkiyar kulawa da gangunan, babu tabbataccen tsarin wanke su. Gurɓataccen sinadarin ya tafi wata masana'anta ta biyu, ya ɓata jakunkunan injin busar da magani, daga nan ya shiga wasu magungunan da ba su da wata alaƙa da gona. A 1992 hukumar ta kuma tare kayan wata masana'anta ta ƙetare mai sarrafa magunguna masu ƙarfi na jinsin sitiroyid da waɗanda ba su ba a injina ɗaya. Ɗaya daga cikin laifuffukanta shi ne tana neman ainihin maganin da ya gabata kawai, alhali gwajin ruwan ɗaurayarta yana nuna ragowar wasu sinadarai da suka samu yayin haɗa shi.

Shekarar 1993 ta tattara waɗannan darussa wuri ɗaya ta hanyoyi uku. A watan Fabrairu, Mai Shari'a Alfred Wolin na kotun tarayya da ke jihar New Jersey ya yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta shigar da kamfanin Barr Laboratories. Ya ba da umarnin janye wasu magunguna da dakatar da wasu, ya kuma tabbatar da cewa wajibi ne kamfani ya nuna ingancin wankinsa, har da sanin irin sabulun da yake amfani da shi da neman ragowarsa idan mai barin ragowa ne. A watan Afrilu, ma'aikatan kamfanin Eli Lilly biyu, Fourman da Mullen, suka wallafa hanyar lissafa iyakar ragowar da za a lamunta. A watan Yuli kuma FDA ta fitar da jagora ga sufetocinta a kan duba ingancin wanki.

A cikin jagorar nan ne tsinke ya samu matsayinsa. Ta amince da hanyoyin ɗaukar samfur biyu, goge jikin injin kai tsaye da gwada ruwan ɗauraya, amma ta fifita ta farko. Hujjarta kuwa duk wadda ta taɓa kankare ƙanzo za ta gane ta: mai son sanin ko tukunya ta wanku, cikin tukunyar yake dubawa, domin ruwan ɗauraya yana iya fitowa garau alhali abin da ya bushe ya manne yana nan daram. Ruwa yana ɗauko abin da ya narke ne kawai; guga tana ɓamɓaro wanda ya ƙi narkewa. Amfanin ruwan ɗauraya shi ne isa cikin dogayen bututu da wuraren da hannu ba ya kaiwa, saboda haka masana'antu da yawa suke haɗa hanyoyin biyu.

Yadda Tsinke Yake Ba da Shaida

Aikin yana da ladubba. Ana zaɓen gurbi mai ƙayyadadden faɗi, galibi santimita 5 tsawo da 5 faɗi, wato murabba'in santimita 25, wani lokaci 100. Ana jiƙa kan tsinken da ruwa ko wani sinadarin da ke narkar da maganin da ake nema, a matse rarar, a goga a jere layi bayan layi, a juya ɗaya gefen a goga a gicciye, sannan a karya kan a cikin kwalba a rufe. A wannan aiki an fi amfani da zaren roba na foliyesta fiye da audugar gona, domin auduga tana zubar da zare, kuma ita kanta tana ɗauke da sinadaran da ke rikita awo. Jagorar 1993 ta yi gargaɗin cewa hatta gam ɗin da aka manne kan tsinken da shi an same shi yana ɓata sakamako. A ɗakin gwaji ana bi ta ɗayan hanyoyi biyu: na'urar da ke rarrabe sinadarai ta nemo takamaiman magani, ko wadda ke auna jimillar sinadarin kabon, wadda ba ta bambance magani da sabulu, duk abin da ta samu datti ne.

Tsinke ba ya ɗauko duk abin da ke jikin ƙarfe, kuma ba ya sakin duk abin da ya ɗauko. Don haka kafin a yarda da shaidarsa sai an gwada shi shi ma. Ana samun ɗan fallen ƙarfe irin na injin, a ɗiga masa sanannen adadin magani, a bar shi ya bushe, a goge, a auna. A misali, idan an ɗiga maikirogiram 100 aka samo 70, to tsinken yana dawo da kashi 70 cikin 100, kuma idan ya nuna 35 a masana'anta, ainihin abin da ke wurin 50 ne. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ɗauki abin da ya haura kashi 80 a matsayin mai kyau, sama da 50 madaidaici, ƙasa da 50 abin shakka. Ana maimaita wannan gwaji ga kowane irin abu da magani ke taɓawa, ƙarfe da gilashi da roba, domin kowanne da irin riƙonsa.

Zaɓen gurbi shi ne inda ake gane mai gaskiya. A ɗauka injina suna da faɗin murabba'in mita 10 da magani ke taɓawa. Gurbin tsinke ɗaya kashi 1 ne cikin 4,000 na wannan faɗi. Wanda ya goge tsakiyar tanki, inda ruwa ke duka da ƙarfi, zai samu sakamakon da yake so. Ƙa'ida ita ce a nemi wurin da ya fi wuyar wankuwa: ƙarƙashin fukafukan motsawa, bakin bawul, mahaɗar walda, bayan robar toshe mahaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ragowar magani ma a tsaga take maƙalewa. Al'adar da ta daɗe ita ce a yi wankin sau uku a jere, kowanne ya ci gwajin, kafin a ce tsarin ya tabbata. Jagorar 1993 ta kuma soki ɗabi'ar wankewa a gwada, a sake wankewa a sake gwadawa har sai an dace, domin hakan shaida ce cewa tsarin bai tabbata ba.

Nawa Ne Ya Yi Yawa?

Babu wankin da ke kai ragowa ga sifili. Na'ura dai takan kai iyakar ganinta. Saboda haka dole a yanka layi. Fourman da Mullen sun kawo sharuɗɗa uku: kada abin da zai shiga magani na gaba ya wuce kashi 1 cikin 1,000 na adadin da ake sha na maganin farko, kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma kada ido ya ga komai a jikin injin. Wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ake bi. Idan aka koma ga injinan misalinmu, aka ce zubi na gaba kilo 100 ne, kashi 10 cikin miliyan giram 1 ke nan. In an raba shi a kan murabba'in mita 10, kowane murabba'in santimita zai samu maikirogiram 10, wato 250 a gurbin tsinke ɗaya. Abin lura shi ne ido bai rasa kujerarsa ba: injin da aka ga datti a jikinsa ya faɗi tun kafin a ɗauko tsinke.

Kusan shekara 20 masana'antu suka yi a kan waɗannan alƙaluma, duk da cewa sun fi kama da yarjejeniya fiye da sakamakon binciken guba. Kashi 10 cikin miliyan yana iya yin sassauci ga maganin sankara mai tsananin ƙarfi, ya kuma yi tsaurin banza ga magani mai sauƙin illa. A watan Nuwamba na 2014 Hukumar Magunguna ta Turai ta fitar da jagorar da ta fara aiki a watan Yuni na 2015, wadda ta ce masanin guba ne zai tantance, ga kowane magani, adadin da mutum zai iya sha kullum tsawon rayuwarsa ba tare da illa ba, daga nan a lissafo iyakar tsinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan tafarki a 2021.

Inda Shaida Ba Ta Wadatar

A 2012 cutar sanƙarau ta nau'in fumfuna ta ɓarke a Amurka daga allurar sitiroyid da kamfanin New England Compounding Center na jihar Massachusetts ya haɗa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, da 64 da suka mutu. Da sufetoci suka buɗe kundin kamfanin, suka tarar gwaje-gwajensa na kansa sun nuna fumfuna da ƙwayoyin cuta a ɗakunan haɗa magani sau da dama tsakanin Janairu da Satumba na shekarar, ba tare da an ɗauki matakin da ya dace ba. Samfur ya faɗi gaskiya, an rubuta ta, an ajiye. Daga baya shugaban kamfanin ya sha ɗauri, majalisa kuma ta yi sabuwar doka a 2013.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta hanyar inji take shigowa ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya, a Jos da Ibadan, bayan shan ruwan farasitamol mai ɗauke da dayetilin gilaikol, dafin nan na 1937. Wannan na cikin abin da ya kai ga kafa hukumar NAFDAC da Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993, shekarar hukuncin Wolin. A 2008 dafin ya sake dawowa a maganin haƙorin yara na My Pikin, ya kashe yara 84. Tsinke ba zai kama irin wannan ba, domin gubar a cikin kayan haɗi ta zo, gwajin kayan haɗin ne maganinta. Duk da haka tarihin ya shafe mu kai tsaye, domin kaso mai yawa na magunguna da sinadaran haɗa su da ake amfani da su a Afirka ta Yamma daga Indiya da Sin ake shigo da su. Tsaftar wani inji a Haidarabad tana biyo kwali har kantin magani a Kano ko Maraɗi, kuma uwar da ta saya ba ta da hanyar dubawa.

Kammalawa

Daga hancin Semmelweis zuwa na'urar da ke auna maikirogiram, tafiyar shekara fiye da 170 ce, kuma alƙiblarta ɗaya: ɗauke nauyin hujja daga kan mai shan magani a ɗora wa mai yin sa. A 1941 sai da mutane suka mutu aka san akwai matsala a inji. Tun daga 1993 ana buƙatar masana'anta ta kawo shaidar tsaftar injinta kafin magani ya fita ƙofa. Amma shaidar tana rataye ne a kan abubuwan da doka ba ta iya gani kullum: hannun da ya zaɓi lungu mai wuya ya bar fili mai sauƙi, mai gwajin da ya rubuta abin da ya samu, da shugaban da ya yarda a zubar da zubi guda na magani saboda sakamakon gurbi mai faɗin santimita 5. Ƙasashen Afirka da ke ƙoƙarin sarrafa magungunansu da kansu suna da damar da Amurka ba ta samu ba a 1941, wato su karanta darasin a rubuce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.